Biyu Cikin Goma Ga Kunun Inna

Maradun, 6 ga Mayu

Zuwa ga maigidana, Baban Anas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya zafin Mafara, ya aiki, ya zaman kaɗaici? Mu nan lafiya lau, Anas ya warke, kullum sai ya tambaye ka. Tunda ka daina ɗaukar wayata, na ba Ɗantala direba wannan takarda, na roƙe shi kada ya tafi sai ya ga ka buɗe ta.

Ina taya ka murna. An ce bidiyonka na kunu ya wuce kallo dubu tamanin. Shekara biyu kana yawon kasuwanni da ɗan kofinka, kana kurɓar zoɓon mutane da furarsu, kana juya harshe kana ba da maki, ko dubu biyar ba ka taɓa samu ba. Sai ranar da ka buɗe gorar kunun zaƙi ta yi kumfa, ka shinshina, ka yamutsa fuska, ka ce wannan ba kunu ba ne, giya ce sak, ka ba shi biyu cikin goma. Har ka matso da gorar don a karanta takardar jikinta: Kubura Mai Kunu, Maradun, ga lambar waya.

Na yarda ba ka san ta Innata ce ba. Shekara shida da aurenmu, daga bakin zaure kake durƙusawa ka gaishe ta, ba ka taɓa sa komai a baki a gidanta ba saboda kunyar surukai. Sunanta ma ban yi zaton ka riƙe ba. Amma kai da bakinka ka gaya mini da hantsi ka sayi gorar, ka manta ta a but ɗin mota har la'asar. A wannan rana ta Mayu! Kunun wa za a yi wa haka bai yi kumfa ba?

Ga abin da makinka ya jawo. Wayar Inna ba ta hutawa, kowa da irin zaginsa. Shekaranjiya mai unguwa ya shigo da maza huɗu suka buɗe mata tukwane. Suka tarar da tsiron shinkafa ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu, wanda take niƙawa ya ba kunu zaƙi yadda uwarta ta koya mata. Sai suka kalli juna suna gyaɗa kai, wai masu burkutu ma haka suke tsirar da hatsi. Gidaje uku sun fasa kunun suna.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ka sake ɗaukar bidiyo ka faɗi inda gorar ta wuni. Minti ɗaya ya isa.

Taka mai ƙaunarka,
Hamdiyya

Maradun, 15 ga Mayu

Baban Anas,

Sallama da gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya, kana kuma samun barci mai daɗi. Saƙonka ya iso: buhun shinkafa ɗaya, da cewa kana jin kunyar haɗa ido da Inna, kuma mai ɗanɗano ba ya janye maganarsa, in ya janye wa zai ƙara yarda da harshensa. Madalla. Shinkafar tana nan a zaure, kaji ma sun fara huda buhun.

Ranar kasuwa Inna ta fita da gora arba'in, ta dawo da talatin da tara. Ɗayar ma wani ne ya saya ya tsiyayar a gabanta, yana cewa yana tsarkake kasuwa. Yara sun yi mata waƙa. Matar da ta yi shekara ashirin da biyu tana tace kunu, da shi ta aurar da ni gare ka, yanzu ko gidan makoki ba ta iya shiga. Kuma ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Har yau ba ta ambaci sunanka ba. In an tambaye ta wa ya yi mata haka, sai ta ce wani yaro ne bai sani ba.

Jiya na je Mafara ɗaukar kayan Anas, ba ka nan. Cikin akwatin takardunka na ga wani baƙin littafi. Ashe maigidana yana da wani shafin da duniya ba ta gani ba. Ka rubuta sunan wani wuri a Abuja inda suke dafa giyarsu da kansu, kaɗan-kaɗan. Bari in tuna maka, ko ka manta: "Baƙa wuluk, mai kauri, ɗacinta irin na ƙonannen gahawa, kumfarta kamar madara. Tara cikin goma." Ga wata: "Mai tsami, tana kama dasashi kamar tsamiya, daga baya ta saki zaƙi. Bakwai da rabi." Kai, wallahi ka iya rubutu! Shafi sittin da ɗaya, kowanne da kwanan wata. Mai tara ɗin nan ranar da nake naƙudar Anas ce, ranar da ka ce taron ofis ya riƙe ka.

Mutane sun yi ta tambayata yadda aka yi ɗan liman ya san giya har ya ce sak. Ni sakarai ina ta kare ka, ina cewa a waya ka karanta.

Ina son ka har yanzu, shi ya sa na ba ka zuwa Juma'a.

Matarka,
Hamdiyya

Maradun, 23 ga Mayu

Baban Anas,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka, ko da yake na ji an ce kwana biyu ba ka fita ofis. Allah ya sawwaƙe.

Juma'a ta wuce, abin da na gani a shafinka shi ne kana ba wata fura takwas. Don haka Asabar na sa mayafi na ɗauki baƙin littafin nan na tafi Bakura wurin mahaifinka. Baba Malam ya karɓe ni da murna, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma kusa da shi. Ka san idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, sai na karanta masa da kaina. Ban tsallake ko layi ɗaya ba. Da na zo kan baƙar nan mai tara, ya sa na maimaita kwanan watan. Carbinsa ya faɗi, bai ɗauka ba. Na ga hawaye na bin gemunsa, na ci gaba da karatu. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji tausayin tsohon, amma ban ji nadama ba.

Ranar kasuwa sai ga shi a Maradun, ƙanenka Abdulbasit na riƙe da hannunsa. Ya zauna a bencin Inna, tsakar rana, kasuwa ta cika. Ya yi bismillah da ƙarfi ya sha kofi biyu. Sannan ya miƙe ya ce shi ne Malam Sanusi limamin da suka sani, wannan kunu halal ne, wanda ya ce giya ne ɗansa ne, kuma ya faɗi haka ne don shi mashayi ne, ga littafinsa nan. Ya ɗaga shi sama. Wani ya ɗauka a waya. Kafin azahar gora arba'in sun ƙare, mai unguwa ma ya aiko a sayo masa biyu.

Kada ka zaci na ci riba. Tun ranar Inna ba ta yi mini magana ba. Ta ce wa maƙwabciya na tozarta uban ɗana, da ta san haka zan yi da ta haƙura da kunun. Ka ji matar da ka ba biyu cikin goma.

Baba ya ce in gaya maka littafin yana wurinsa, kada ka zo karɓa, kada ma ka zo Bakura. Bidiyon kasuwa kuwa ya wuce dubu ɗari uku, ko'ina sunanka ake kira. Abin da ka daɗe kana nema ke nan, Allah ya sanya alheri.

Inna ta tace na yau. Na zuba maka gora ɗaya, Ɗantala zai miƙa maka tare da wasiƙar nan, don shekara shida ba ka taɓa shan sa yadda ta yi shi ba. Ka sha da wuri, kada ka bar shi a but.

Matarka, zuwa ranar da takardarka za ta iso,
Hamdiyya