Hannuna Ya Fara Rawa

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da yara. Kumburin ƙafar Mama ya sauka? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau, sai gajiya. Tallan sabulu muke haɗawa, zane mai motsi irin na dā: ina zanawa a takarda, kwamfuta tana motsa shi. Hannuna ya fara ɗan rawa, amma oganmu murna yake, wai karkatar layin ce ta ba tallan kamannin dā. Shekara ashirin ina koyon miƙe layi, ga abin da aka yaba!

Likita ya ba ni magani. Yana aljihuna, sai an gama tallan zan sha.

In Mama ta ga rubutun nan, ki ce laifin biro ne.

Yayanki