Tsofaffin Itatuwan Koko na Bakin Kogi

Birnin Quito, watan Nuwamba

Zuwa ga Yayana Nicanor,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da matarka Eudoxia da yara. Ba zumunci ne ya sa na rubuto ba, ka san mun daɗe da barin wannan wasan.

Labari ya iske ni cewa ka sa an wasa adduna, za ka sare tsofaffin itatuwan koko na bakin kogi, waɗanda kakanmu ya dasa. Ganyen da na tsinko ranar jana'izar Mama na kai wa masana, sun tabbatar mini irin nan ne na asali mai ƙamshin fure, wanda cuta ta cinye tun kafin a haife mu. Kowa na cewa ya ƙare. Ashe yana bayan gidanka, kana ɗaure jaki a gindinsa.

Ban sa ran ka gane ba. Wanda ya cika gona da jan kokon zamani, mai ɗanɗanon ƙusa mai tsatsa, ina zai san ƙamshi? Roƙona kaɗan ne. Ka bar su har damina ta wuce, in zo in yanki rassa in yi musu aure a kan ƙananan dashe. Daga nan ka sare su ka dafa shinkafa.

Ƙanwarka,
Hermelinda

*

Gida, Manabí

Zuwa ga uwar ɗakin cakulan,

Gaisuwa. Muna lafiya, tunda kin tambaya.

Wasiƙarki ta zo tana ƙamshin turare, jakin ma ya shinshina. Itatuwan da kike wa kuka, ni nake kallonsu kullum. Sun yi tsawon da sai da gora ake kaiwa ga 'ya'yan, in an kakkaɓo kuma rabi ruɓaɓɓu ne. Jan kokon da kike zagi shi ya saya miki takalmin da kika taka zuwa Quito.

Cakulan ɗin da kike yi da koko, wanda kika aiko da Kirsimetin bara, mai takardar zinariya, mun gwada. Eudoxia ta gutsira ta ce, "Nicanor, ƙanwarka ta ce maganin mene ne wannan?" Yara suka tofar. Na jefa wa alade, ya dube ni ya juya baya. In wannan ne abin da Turawa ke layi a kai, Allah ya ba su lafiya.

Kin ce kakanmu ne ya dasa. Gaskiya ne. Ni kuma na yi wa Mama jinya har ta cika, ke kina can kina koya wa baƙi yadda ake rufe ido a tauna ɗaci. Wurin nan ayaba zan sa. Sai wata rana.

Nicanor

*

Quito, watan Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka gaishe mini da aladenka, na ga ra'ayinku ɗaya.

Direban motar ayaba ya kawo mini saƙon Eudoxia. Ta ce ka tara leburori, ka sare itace ɗaya, ka tsaya kana kallon kututturen, sannan ka ce wai adda ta dakushe, kowa ya tafi gida. Adduna nawa suka dakushe lokaci guda? Ko ɓarnar ma ba ka iya gamawa ba.

Maganar Mama kuwa, ka ci gaba da goranta mini, ita kaɗai ce amfanin gonar da kake girba kowace shekara. Ba zan sake roƙonka ba. Ƙafata ba za ta sake taka gidan nan ba.

Ka huta lafiya.
Hermelinda

*

Gida, watan Maris

Hermelinda,

Gaisuwa. Rubutun Eudoxia ne, ni nake faɗa, don hannuna na dama a ɗaure yake.

Kin ji ruwan da aka yi. Kogi ya haura ranar Lahadi muna dawowa daga coci. Ya ci gaɓar gaba ɗaya. Ina tsaye itatuwanki suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya, ruwa na jan su kamar kara. Jakin ma ya tafi. Babban itacen nan mai rami, wanda kike ɓuya a ciki in Baba na nemanki da bulala, shi ne ya maƙale a jikin dutse. Na ɗaura igiya a ƙugu na shiga da adda. Eudoxia na ihu, "Kai mahaukaci, kan abin da ka ce itacen wuta ne za ka mai da ni gwauruwa?" Na saro rassa cikin hammata biyu, wani gungume ya buge ni, maƙwabta suka jawo ni waje. Kafin in gama aman ruwa, itacen ya wuce.

Kada ki ɗauka don cakulan ɗinki na yi, har gobe guba ne. Rassan suna ƙarƙashin rumfa, na naɗe su da jiƙaƙƙen buhu da ganyen ayaba. An ce ba sa daɗewa. Akwai ƙananan dashe a kan tudu da ruwa bai taɓa ba, amma ni ban iya auren itace ba, ko da na iya babu hannun. Gada ta karye, sai da kwalekwale. In kina tsoron taɓo ya ɓata miki ƙafa, ki faɗa in ba awaki.

Nicanor

Ƙari daga gare ni, Eudoxia: yana tashi ya yayyafa wa rassan ruwa da hannun hagu, in na leƙo sai ya ce kaji yake kora. Ki zo.

*

Quito

Yaya,

Gaisuwa, da sannu da jiki. Gobe zan taso da wuƙaƙena. Ka daina tsula musu ruwa, ruɓar da su za ka yi, laima kawai suke so. Ka aiko da kwalekwale mashigi. Hannunka na hagu ya isa riƙe dashe, ni in yanka in ɗaure, da sharaɗin ba za ka yi magana ba.

Ƙanwarka,
Hermelinda