A Nan Ba A Durƙusawa

Zuwa ga mahaifina, wanda ƙasa ta rufe wa ido ina nesa,

Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, Baba, ina rubuto maka ne daga jami'a a Ingila, ko da yake na san babu jirgin ruwan da zai kawo maka wannan takarda.

Abin da nake karantawa lissafin ɗigo da layi ne. Ɗigo mutum ne, layi kuwa abin da ya haɗa shi da wani. Ba a karɓar zane, sai ka kafa hujja. A nan gani bai kori ji ba.

Malaminmu ya ce mu kawo hujjar cewa a kowane taro sai an sami mutum biyu da yawan gaisuwarsu ya zo daidai. Na miƙe da ƙarfin gwiwa na ce ba haka ba ne. Na zana zaurenka na Wudil ranar Juma'a. Kai ba ka gaida kowa, sai dai ka amsa. Kawu Ado, ƙaninka, kai kaɗai yake gaidawa. Haka abin ke sauka har kaina, ɗan auta, mai durƙusa wa kowa. Babu biyun da suka zo daidai.

Ajin ya kwashe da dariya. Ashe su hannu suke ba juna, yaro da dattijo duk ɗaya, wanda ka gaisar ya gaishe ka ke nan.

Tun ranar, Baba, ban sake yarda da kaina ba. Kowace hujja na ɗauko sai in ji akwai rami a ƙarƙashinta. Na faɗi jarrabawar farko. Ta biyu mako mai zuwa ce, in na sake faɗuwa En'e, hukumar da ke biyan kuɗin karatuna, za ta mai da ni gida. Wallahi tsoro nake ji.

Na tuna ranar da dangi suka taru, Kawu Ado ya ce boko zai dawo maka da ni ba malami ba, ba manomi ba. Ka ce, "Ku bar shi, ni na tsaya masa." Ba ka kawo musu hujja ko ɗaya ba.

Yanzu ni kaɗai ne hujjarka, kuma ga ni ina rawa.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka. Ni kuma Allah ya buɗe mini ƙirji, kada ya sa a ce ka yi kuskure ba ka nan balle ka amsa.

Ɗanka,
Sule