Hannun Ɗan Kanti

Daren Asabar, Gardole

Barci ya ƙi zuwa. Da na rufe ido sai in ga sarauniyar nan.

Wata guda na yi ina haddace buɗin wasan da malaminmu ya koya mana saboda gasar eshek, wato darar Turawa mai sarki da sarauniya da doki, ta makarantu. Yau na zauna da wani yaron unguwar Shagwa, komai na tafiya daidai har motsi na bakwai. Ina cikin tunani na ga sarauniyata ta ɗan karkace a gidanta, sai hannuna ya tafi da kansa ya daidaita ta, yadda nake jera gwangwanayen madara a kantin Baba. Ban ce "jadub" ba, kalmar da ake faɗa kafin a gyara zaman ɗa. Yaron ya kira alƙalin wasa. Alƙali ya ce abin da ka taɓa shi za ka motsa. Gida biyu kacal take da su, duka a bakin dokinsa. Kalas, na faɗi wasan.

Abin da ya fi ci mini rai, yaron ke da gaskiya. Da ni ne ma haka zan yi.

Na gaya wa Baba, ko ɗagowa daga shayinsa bai yi ba. Ya ce, "Hannun ɗan kanti ne, Habu. Gobe ka zauna a kansa."

Gobe saura wasa ɗaya. In na sake faɗuwa, lise ɗinmu, wato makarantarmu, ta fita daga gasar, kuma ni na fitar da ita.

Yanzu na dubi teburina. Biro uku, na jera su reras, ban ma san lokacin da na yi ba.