Ƙanƙara a Tafin Habu

Daren Laraba, tsakiyar damina, Rano

Yau kam mun ga ruwa, har da ƙanƙara, indararo ya kasa ɗauka. Iya mahaifiyata ta ce da ƙuruciyarta sau ɗaya ta taɓa ganin irinsa, yanzu kuwa kowace damina sai ya ƙaru.

Autana Habu yana ta bina da ido. Gwamnati za ta tura shi karatu can ƙarshen duniya ta arewa, Malam mahaifinsa ya yarda, ni ce na ƙi. Wai can ƙanƙara ke sauka wata da watanni. Yaron da ko wanka sai na ɗumama masa ruwa!

Na tsinto ƙanƙarar da ta zubo cike da ludayi, na ce, "Miƙo hannu, ja'iri. In ka zubar, ba inda za ka."

Ya damƙe yana rawar ɗari, yana dariya. "Inna, ai kin fi can mugunta!"

Har ta narke bai buɗe ba.

Na tura hannun nasa cikin zanena sai da ya yi ɗumi. Na ce ya je, Allah ya tsare min shi. Gobe zan fara kaɗa zaren gwadonsa, mai kauri.