Waƙar da Illela Ke Kira Bari

Malam Anwar,

Bayan gaisuwa da fatan rahama. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, kuma ko kana raye sai an fassara maka, don Hausarka ba ta wuce ta cefane ba. Makon jiya wani malami da kuka koyar tare a sakandare ya tsaya a shagona na kaset, ya ce ka rasu a Daka, babban birnin ƙasarku, bayan jinya. Na yi maka addu'a, na ci gaba da aikina.

Gari na nan yadda ka bar shi. An sake buɗe iyaka, motocin Konni sun dawo, kasuwa ta farfaɗo. Har yanzu in zancenka ya taso Ba'indiye ake cewa, duk da ka gaji da gaya mana ƙasarku daban ce.

Labarin kaset ɗinka nake so in ba ka. Ka ce kuna samari kuka haɗa ƙungiya, kuna kaɗa jita mai lantarki da gangunan Turawa, kuna waƙa da harshenku na Bangali, a lokacin da kowa ke ganin irin wannan kiɗa sai da Turanci. Manya suka ce hayaniya ce, masu rediyo suka ƙi saka ku, yunwa ta watsa ku. Kai ka ɗauki alli ka zo nan koyar da lissafi. Ranar da za ka tafi ka bar mini kaset ɗin, ka ce can ba mai nemansa, tsoronka kada waƙoƙin su riga ka mutuwa.

Na kwafa na jera a shago. Waɗanda suka saya sun zaci waƙoƙin fim ɗin Indiya ne, suka dawo mini da shi suna faɗa: ba muryar mace, ba sarewa, wannan kuma mi ne ne? Mutum ɗaya ya riƙe nasa, wani direba mai jigilar albasa, wai kiɗan na hana shi gyangyaɗi.

Daga motarsa waƙa ɗaya ta tsere, wadda kuke ta maimaita bari, bari. Kai ka faɗa mini a harshenku bari gida ke nan, waƙar mai kewar gida ce. Mutanenmu kuwa Hausa suka ji tsantsa, suka ɗauka kana hana wani abu ne. Yaran mota suka fara busa ta da fito. Matan garin Araba suka mai da ita ta tsawata wa yaro mai ƙiriniya, suka ƙara mata baitoci. Bara a wani biki a Lafani na ji mai gurmi yana kaɗa ta, yana rantsuwa gadon kakansa ce.

Ban gyara masa ba. Da kana wurin, da dariya za ka yi ko haushi za ka ji? Waƙar da ta rasa ma'anarta da sunan masu ita, ta rayu ke nan ko ta mutu? Ni ban sani ba. Na dai san babu ranar kasuwar da ba na jin ta.

Ban taɓa gaya maka ba, ni ma kiɗan bai shige ni ba da farko. Yadda kake rufe ido in an zo wurin jitarka ya sa nake zama. Na yi kewar wannan zaman.

Kaset ɗinka na asali ya gaji, muryarka ta dushe a ciki. Jiya ɗiyata Hadiza tana tankaɗe tana rera waƙar, sai na gaya mata abin da bari ke nufi a wurinku. Ta tsaya da rariya a hannu, ta tambaye ni ko mai waƙar ya samu ya koma gidan. Na ce mata ya koma.

Allah ya jiƙan ka, ya sa can ya fi nan.

Naka,
Ummaru mai kaset, Illela