Ni da Zogale, Shi da Tsire

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Mu nan Gummi lafiya lau.

Tun da likita ya ce maigidana ya rage ƙiba saboda hawan jini, na daina sa mai a miya. Kwaɗon zogale da dafaffen wake muke ci tare, ina jure yunwa don kada ya karaya. Ashe kullum yana wurin mai tsire a kasuwa! Da na tsare shi, sai ya ce, "Rabi, likita ya ce in mutum ya fara ramewa, cikinsa yakan saki sinadarin da ke ƙara yunwa."

Yaya, ni ba ni da ciki ne?

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Rabi